Fanka mai caji a shagon ɗinkina: bazara biyu muna tare a Tawa

Shagona ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano, ƙofa ɗaya da taga ɗaya, a bakin hanyar da ke gangarawa babbar kasuwar Tawa. Kekuna huɗu ne a ciki, uku na ƙafa, ɗaya na surfani mai aiki da wuta. Ni da ƴan mata uku masu koyo muke yini a wurin, ga dutsen guga na gawayi a bakin ƙofa yana ƙara mana nasa hucin. In Afrilu ya kama, kafin ƙarfe goma sha ɗaya kan keke ya ɗau zafin da in damtsenki ya taɓa shi sai kin janye. Zufa kuma ba ta san shaddar mutane ba, ɗiga kawai take yi, kuma kowace tela ta san tabon zufa a kan sabuwar shadda ban haƙuri ba ya fitar da shi.

A wannan ɗakin na kafa fanka mai caji, mai zuwa da panon sola, a ƙarshen Fabrairun 2024. Ƴan'uwana masu sana'a sun yi ta tambayata a WhatsApp nawa na saya, awa nawa take yi, ko kuɗin ya fita. Na gaji da ba da amsa guntu-guntu, kuma akwai abin da ban taɓa faɗa musu ba.

Abin da ya kai ni sayenta kowa a ƙasar nan ya san shi. Daga watan Agustan 2023, da aka yanke wutar da ke shigo mana daga Najeriya, fankar da ke rataye a saman shagona ta koma wurin taruwar ƙura. Na gwada jan waya daga gurup ɗin maƙwabcina mai walda, muna raba kuɗin mai. Sati uku na yi na haƙura, don hayaƙin ta tagarmu yake shigowa, ƙarar kuma ba ta bari ki ji awon da mai kaya ke faɗa miki. Ga azumi ya ƙarato, kuma a shekarar gomansa na ƙarshe cikin Afrilu zai faɗo.

Ranar wata Lahadi, ranar kasuwa, na ɗauki kuɗin adashena na tafi layin masu kayan wuta. Kwali uku aka jera mini, hoton fanka iri ɗaya, sunaye daban-daban, don haka sunan da ke jikin kwali ba shi ne abin dubawa ba. Alhaji mai shagon ya sa mini jika 55, wato sefa 55,000, muka yi ta ja har muka tsaya a jika 47. Ba ƙaramin kuɗi ba ne: mafi ƙarancin albashi a Nijar tun farkon 2024 sefa 42,000 ne, kenan fankar ta fi albashin wata guda na wani magidanci. Abin da ke cikin kwalin: fanka ta tsaye mai inci 16, lamba uku na gudu, tana juya kai hagu da dama, da ƴar fitila fara a wuyanta, da kafar cajin waya, da ɗan abin kunnawa daga nesa, sai pano mai wat 20 da igiyarsa. Na ce, "Alhaji, tsakani da Allah, awa nawa take yi?" Ya ce, "Hajiya, ta kwana tana yi miki aiki."

Tana kwana, amma a lamba ɗaya. Na zauna da agogo na auna da kaina a satin farko. A lamba ɗaya ta yi kusan awa tara, sai dai iskar ta mai barci ce, ba ta mai taka keke ba. A lamba biyu awa biyar. A lamba uku, wadda ita ce rai ke so da rana, awa uku da ƴan mintoci ta tsaya. Ɗan yayata da ya karanci aikin wuta a makarantar koyon sana'a ya buɗe bayanta ya nuna mini batirin, baƙi mai nauyi, irin na darma, an rubuta 12 da 7 a jikinsa. Ya ce, "Inna, 12 sau 7 ya ba ki 84. Fankar a lamba uku tana shan kusan 25 a awa. Ki raba ki gani." Na raba, na ga awa ukun nan tawa. Daga ranar na daina ganin laifin kowa, na fara kallon batirin kamar randa: fanka na ɗiba, fitila na ɗiba, wayar da yarinya ta maƙala ita ma tana ɗiba, ruwan kuma ɗaya ne.

Panon shi ma yana da nasa lissafi. A takarda awa huɗu da ɗan wani abu ya isa ya cika batirin, amma a kan rufina sai ya sha rana awa shida ko bakwai. In kuma fankar tana gudu a lamba uku a lokacin, abin da ke fita ya fi abin da ke shiga, ba za ta taɓa cika ba. Yaron ya ɗaure mini shi yana kallon kudu, ya ɗan karkata shi, ya ce a riƙa share shi kullum da safe. Wannan shawarar ita ce ta fi kowace amfani. Kwana biyu na hazo sun isa su lulluɓe shi da ƙura har cajin ya ragu ki gani da idonki.

Kyawunta ba na ɓoye shi. Ba ta da ƙara, muna hira muna jin rediyo tana aiki. Gindinta da nauyi, yara sun sha yin karo da ita ba ta faɗi ba. In tana jone da bango aka ɗauke wuta, ko numfashi ba ta yi, batir ya karɓa. Iskarta tana kai wa keke na uku. Aibinta kuwa ƙanana ne amma suna da yawa. Abin kunnawa daga nesa wata biyu ya yi ya mutu. Robar da ke ɗaure wuyanta ta tsage, yanzu ƙyallen atamfa ne ke riƙe da shi. Kuma duk wanda ya ƙera ta bai yi tunanin shagon tela ba: burbushin zare da gashin yadi suna naɗewa a bayan fukafukan, in ba a kwance ragar an cire su duk Juma'a ba, sai ki ji tana nishi tana ɗumi. In kin bar ta tana juya kai a saitin teburin yanka, ƙananan ƙyallayen wuya da na aljihu da kika zana da alli sai dai ki tsinto su ƙarƙashin benci. Mun koyi ajiye ta a bayanmu, an rage mata tsawo, iskar tana bugun baya ba ta taɓa kan keke.

Da a nan labarin ya tsaya, da na ce ku je ku saya, shi ke nan.

Kafin fankar nan, ɗaukewar wuta ita ce ke tashinmu. In duhu ya yi, zafi ya rufe ɗakin, dole kowa ta naɗe kayanta. Muna ta ƙorafi, amma muna kwana a gidajenmu. Da na samu iska da haske waɗanda ba ruwansu da kuran, wato wutar gari, sai na ga kamar an ƙara mini awoyi a rana. A azumin 2024 duk wadda ta kawo kaya sai in ce ajiye. Na saba tsayawa a kaya 40 ko kusa da haka, a shekarar na karɓi 63. Da goman ƙarshe ta shigo, muna buɗewa ƙarfe takwas na safe, ba mu rufewa sai biyu na dare, wani lokaci har mu ji masu tashin sahur. Shan ruwa a kan keke, asham a gurguje, a dawo.

Ranar 24 ga azumi, wajen ƙarfe biyu na rana, fankar tana lamba uku, na juya ta saitin ƙaramar cikin ƴan matan don na ga ta yi laushi. Shekararta goma sha shida. Ta ce, "Tanti, kaina na juyawa." Na ce, "Ƴata, ƙarasa hannun rigar nan ki kwanta." Ba ta ƙarasa ba. Ƙafarta ta sauka daga kan feda, ta zame ta kife a gefen keke, Allah ya sa allurar ba ta same ta ba. Muka kwashe ta a adaidaita zuwa asibitin unguwa, aka sa mata ƙarin ruwa leda biyu.

Ma'aikaciyar jinyar da ta karɓe mu, dattijuwa ce, ta tambaye ni inda yarinyar ke aiki. Na ce ai har fanka na sa mata a gabanta. Ta girgiza kai. Ta ce fanka ba ta sanyaya iska, tura ta kawai take yi. In iskar ɗaki ta fi jikin mutum zafi, to zafin ne take turo masa, kamar mai fifita wa garwashi. Ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a yi amfani da fanka in zafin bai kai digiri 40 ba, in ya haura haka fankar ƙara wa jiki zafi take yi. Ga shi zafinmu na Adar busasshe ne, zufa na fitowa iska na shanye ta nan take, mutum ya ga jikinsa a bushe ya zaci lafiya lau, alhali ruwan jikinsa ne ke tafiya, mai azumi kuma ba shi da hanyar mayarwa sai magariba. Ta lissafa mini alamun da ya kamata in tsaya a kansu: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, fitsari ya yi ja ya ragu. In mutum ya fara sambatu ko ya rikice, wannan ba na jira ba ne, a jiƙa shi da ruwa a garzaya da shi. A satin ne zafi ya addabi Sahel baki ɗaya, har aka ji a rediyo cewa a Kayes ta ƙasar Mali ya kai digiri 48.5 ranar 3 ga Afrilu. Mu kuma muna ƙarƙashin kwano da gawayi a ƙofa.

Da daddare uwar yarinyar ta zo gidana. Na shirya wa faɗa, da ta yi faɗan ma da ya fi mini sauƙi. Ta zauna a kan tabarma, muka gaisa, ta ce, "Yaya, amana na kawo miki." Abin da ta faɗa kenan, ta yi sallama ta tafi. Ban runtsa ba a daren.

Na zauna na ƙirga. Awa 18 a rana, kwana bakwai, awa 126 kenan a sati. Dokar aiki ta ƙasarmu, ta shekarar 2012, awa 40 ta sa. Na san an rubuta ta ne da tunanin masu albashi, mu masu sana'ar hannu babu mai leƙo mu, amma jikin ƴar koyo da na ma'aikacin biro jini ɗaya ne ke gudu a cikinsu. Da na koma duba yarinyar, dattijuwar nan ta ƙara mini da wani abu: a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da bincike cewa mai aikin awa 55 ko fiye a sati, haɗarin shanyewar ɓarin jiki yana ƙaruwa masa da kashi 35 cikin 100, na mutuwa da ciwon zuciya da kashi 17, in an gwada da mai awa 35 zuwa 40. Sun ƙiyasta mutum 745,000 ne dogon aiki ya yi ajalinsu a 2016 kaɗai. Tana faɗa ina tuna maigidan da ya koya mini riƙon almakashi. Shekara talatin yana kwana a shago duk Sallah. Yau yana zaune a ƙofar gida, hannun daman da ke yanka babbar riga ba awo yana kwance a cinyarsa.

Ban sayar da fankar ba, ko da yake na yi niyya a satin. Laifin ba nata ba ne. Na sayi ɗan ma'aunin zafi na jika biyu na rataye a bango, nesa da ƙofa. Abin da ya nuna mini ya ba ni tsoro: a Afrilu da Mayu, daga wajen ƙarfe ɗaya yake haura 40 a cikin ɗakin, ba ya saukowa sai bayan la'asar. To a wannan tsakanin yanzu shagon a rufe yake. Mu yi azahar, kowa ta tafi gida ta kwanta, fankar kuma a kashe, panon yana zuba mata caji a lokacin da rana ta fi ƙarfi. Dutsen guga ya koma waje ƙarƙashin dogon yaro, kuma da sassafe ake guga. Da hantsi, in zafi ya fara tasowa, muna rataye jiƙaƙƙen buhu a taga, kowa ta jiƙa mayafinta ta yafa a wuya da damatsa. A nan ne fankar ke nuna kanta, domin iska a kan jiƙaƙƙen ƙyalle sanyi take bayarwa na gaske, dabarar da ke sanyaya ruwan randa ce. Gargaɗi ɗaya: a nisanta ruwan daga kekuna da bayan fankar, kuma shadda ba ta shiri da danshi, a rufe ta cikin leda. In ba azumi ba, tulu yana kusa da kowace keke, kuma ba na jira su ce suna jin ƙishirwa.

Da dare kuma na mayar da gajartar batirin nan abin amfani. Da an kira magariba nake zare ta daga bango, ko da wuta ko babu, in sa ta lamba biyu. Na ce wa yaran, in fanka ta tsaya, mun tashi, ko hannun riga ɗaya ne ya rage. Na yi haka ne don na san halina. In aka bar ni da agogo, zan ce saura minti goma har asuba ta yi. Ɗakin da ya yi tsit, iska ta yanke, ba ya karɓar wannan magana. Kuma daga 15 ga azumi ba na karɓar ko ɗankwali.

Abin ya ci mini kuɗi, kada wata ta zaci kyauta ne. A azumin 2025 kaya 44 na ɗinka, 19 ƙasa da na bara, kuma kuɗin Sallah shi ne ke riƙe tela har damina. Wata da muka yi shekara shida tare ta kawo leshi ranar 20 ga wata, na ba ta haƙuri, ta ce, "Yanzu ni za ki mayar?" Ta ɗauki kayanta, har yau ba ta dawo ba, kuma ina jin zafin rashinta. Abin da na samu a madadinsa: kaya biyu kawai aka dawo mini da su gyara, alhali a 2024 har ranar Idi da safe ina farke ɗinkin da muka yi da idon barci. Babu wadda ta kwanta ciwo. Ni ma ciwon kan da nake tashi da shi kullum a goman ƙarshe bai zo ba, kuma na yi asham a tsaye cikin sahu, ba ina gyangyaɗi ba. Ƙaramar tana nan, ita ce ma yanzu ke hawa benci ta share pano da safe.

Batirin farko wata goma sha huɗu ya yi. Ya fara da rage awa, daga biyar zuwa uku zuwa ɗaya, da aka buɗe aka tarar ya kumbura. Ɗan yayata ya ce abu biyu ne suka kashe shi. Na ɗaya zafi, don irin wannan batirin an yi shi ne da lissafin digiri 25, kuma zafin da ya wuce haka yana rage masa kwana sosai. Na biyu kuwa dokata ce: batirin darma ba ya son a tatse shi ƙarƙaf kullum. Ya ce, "Inna, ki riƙa kashewa in jar wutar da ke nuna caji ya kusa ƙarewa ta kama, kada ki jira ta mutu." Sabo jika tara na saye shi a nan Tawa, sukurori huɗu aka kwance aka sa. Wannan kaɗai ya sa nake ganin irin tawa ta fi waɗanda ake liƙe batirinsu ba ya ciruwa. Akwai masu batirin lityom, sun fi sauƙin ɗauka kuma sun fi jure tatsa, sun kuma fi tsada. Kowace iri za ki saya, kafin ki miƙa kuɗi ki sa a buɗe miki bayanta a gabanki, ki karanta lambobin da ke jikin batirin ki yi lissafin nan da kanki, sannan ki tambaya ko ana samun irinsa a garin in ya mutu. In mai shago ya ƙi buɗewa, ki wuce shago na gaba.

Wadda ke neman sanyi irin na na'urar sanyaya ɗaki da ƙarfe biyu na rana a watan Mayu, ta riƙe jikkunanta, fanka ba za ta ba ta ba. Mai shago ƙarami da ke son iska da safe da yamma da farkon dare, wadda ɗaukewar wuta ba ta yanke ta, ta saya, kuɗinta zai fita. Ni na ba ta bakwai cikin goma, ukun da na cire na robar wuya ne da ƙaramin pano da kuma maganar kwana tana aiki.

Azumi yana ja baya da kusan kwana 11 kowace shekara, yana fita daga bazara a hankali, amma Layya ce ke shigowa cikinta. Ta 2025 a farkon Yuni ta faɗo, ta 2026 kuma ƙarshen Mayu, tsakiyar zafi. Na riga na yi magana da mai saƙa zana daga wani ƙauye a hanyar Keita, zai shimfiɗa mini ita ƙarƙashin kwanon kafin Maris, kuma in kwasar adashe ta zo kaina zan ƙara fanka ta biyu saboda keken surfani da ke lungu, inda iska ba ta kaiwa. Yanzu jar wutar tana kamawa wajen ƙarfe goma da rabi na dare. Babbar cikin yaran ce ke fara ganinta, ta ce, "Tanti, ta yi ja." Sai mu rufe kekuna da ƙyallayensu, in raka ƙaramar har ƙofar gidansu, in gaisa da uwarta in wuce.